Yadda Ake Biko da Sasanta Ma'aurata Bayan Yaji, Daki-Daki

Da wuya sati ya wuce ba a tare ni da wannan tambayar ba, wani a ƙofar masallaci, wani ta waya: "Malam, ƙanwata ta yi yaji, an ce ni zan shiga maganar, ta ina zan fara?" Wani kuma ya ce, "Mun je biko sau biyu, sun hana mu ita." Na daɗe ina zama gefen dattawan unguwarmu a Tudun Wadan Zariya idan irin wannan ta taso, yawanci ni ke riƙe biro da takarda. Abin da na sha gani shi ne ana rawar jiki a mayar da mace ɗakinta, a bar abin da ya fitar da ita kwance yadda yake. A ce mata "yi haƙuri," a ce masa "ji tsoron Allah," a shafa fatiha a watse. Kafin wata biyu ta sake yafa mayafinta. Ga tsarin da muke bi.

1. Fara da ƙirga igiya

Kafin ka sa takalmi, nemi mijin ku keɓe ku biyu. Me ya fito daga bakinka ranar? Ka furta saki? Ka rubuta a takarda, ko ka tura ta waya? Ka taɓa sakinta a baya? Sau nawa? Ana jin nauyin wannan tambayar, amma a kanta komai ya rataya.

Idan yaji ne kawai, aure na nan daram, biko za a yi. Idan saki ɗaya ne ko na biyu kuma idda ba ta cika ba, kome ne: babu sabon sadaki, babu sabon ɗaurin aure, sai dai igiyar da ta tsinke ta shiga lissafi. Idan idda ta cika, ya koma manemi kamar kowa, sai ta yarda, sai waliyyi da shaidu da sabon sadaki. Idan na uku ne, babu biko babu kome, aikinka ya zama na raba su lafiya. Idda a mazhabar Malikiyya tsarki uku ce ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. Don haka rubuta ranar da abin ya faru tun yanzu, kafin a fara gardamar kwanan wata.

Hattara: kada ka mai da kanka mai ba da fatawa. "Je ki gidanku," da sakin da aka yi cikin baƙin fushi, da saki uku a numfashi ɗaya, duk ba naka ba ne. Na ƙarshen nan ma malamai sun saɓa a kansa: Malikiyya suna ƙirga shi uku, wasu malaman suna ƙirga shi ɗaya. Ku kai ainihin lafazin ga malami guda wanda gidajen biyu suka amince da shi, ko ga alƙali, ku tsaya kan abin da ya ce. Yawon zaure-zaure har a sami amsar da ake so ba addini ba ne. Kuma a tambayi matar nata lissafin, don sau da yawa miji ya ce biyu, ita ta tuna masa da na ukun da ya yi shekarun baya. Duk wanda ya kawo shawarar auren kisan wuta, a tsawatar masa nan take. Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai yi da wanda aka yi wa.

2. Duba ko an taɓa lafiyarta

Tura mace babba ta gan ta ido da ido, ba ta waya ba. Idan akwai rauni, asibiti ne farko, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na koyarwa da ke Shika, a adana kati da abin da likita ya rubuta. Duka laifi ne a dokar ƙasa, Jihar Kaduna ma tana da dokar hana cin zarafi tun 2018, kuma alƙalin kotun shari'a yana iya raba aure saboda cutarwa.

Na taɓa zama cikin waɗanda suka mayar da wata yarinya a daren da aka zo bikonta, don mijin ya yi kuka a gabanmu ya rantse. Babu wanda ya tambayi me ya sa take rufe gefen fuskarta. Sati uku bayan nan a gadon asibiti na gaishe ta. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar, inda aka yi duka, ko barazana da makami, ko shaye-shayen da ke gusar da hankali, ba na sa baki a mayar da mace sai ita da bakinta ta ce tana so, kuma an ga canji na watanni, ba na kwanaki ba.

3. Zaɓi masu shiga tsakani

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta gama tsara mana wannan: mutum ɗaya daga danginsa, mutum ɗaya daga danginta. Nemi wanda ake jin kunyarsa, mai riƙon sirri, wanda ba ya cin abinci a hannun ɗayansu. Baffa ko kawu ya fi uba, domin uba ko dai kara ta hana shi tsaya wa 'yarsa, musamman in ta fari ce, ko zafin zuciya ya sa ya wuce gona da iri. A ƙara da mace ɗaya, gwaggo ko inna ko malamar Islamiyyar da matar ke girmamawa. In babu mace a cikinku, rabin labarin ba za ku taɓa ji ba.

Hattara: ban da uwar miji, ban da abokansa na majalisa, ban da ƙawar da ta zuga. Kuma kada a yi tsalle. Dangi tukuna, in ya gagara liman, sannan mai unguwa, sannan dagaci ko hakimi, kotu a ƙarshe. Da zarar magana ta je ƙofar mai unguwa, ta fita daga ɗaki, kowa kuma zai fara kare sunan gidansu.

4. Sallama ta farko a gidan iyayenta

Kada a wuce kwana biyu ko uku. Shiru na sati guda iyayen mace suna ɗaukarsa raini, kuma raini ya fi asalin laifin wuyar wankewa. A aika tukuna cewa ana tafe. Mutum biyu sun isa, mijin ya zauna a gida.

Abin riƙewa kaɗan ne: goro, ko da ƙwarya ɗaya, da kuɗin abincin yara a ambulan. Ko me za a ce game da ciyar da wadda ta fita ba izini, abincin yara bai sauka daga wuyan ubansu ba ko na yini guda. Kuɗin keke ko na mai, daga Samaru zuwa cikin birni ne ko daga Sabon Gari zuwa Wusasa, mijin ne zai biya, don za a yi sawu uku ko huɗu kafin a gama. Mai shiga tsakani kuwa ba ya karɓar ko kwabo, ko da sunan goro. Ranar da ya karɓa, ranar bakinsa ya mutu a ɗaya gidan.

Bayan gaisuwa ta miƙe, babba a cikinku ya ce wani abu kamar haka: "Baba, yaronku ya aiko mu. Ba mu zo kare shi ba, ba mu kuma zo tafiya da ita yau ba. Mun zo ba da haƙuri, da neman izini mu ji ta bakinta." In uban ya yi faɗa, ku sunkuyar da kai ku sha. Kada wanda ya ce "ai ita ma." Ba ranar ba ce.

Hattara: akwai iyayen da za su ce, "Ku tafi da ita yanzu, ni ban san yaji ba." Ku gode musu, ku roƙi alfarmar kwana uku. Macen da aka kora daga gidan ubanta zuwa gidan miji ba ta koma ba, an dai rufe mata ƙofa biyu.

5. Ji kowa shi kaɗai

A nan ake cin sulhu ko a faɗi. Kayan aiki: ƙaramin littafi, biro, da waya a kashe. Ba da aƙalla awa guda ga kowane.

Ƙorafin farko da za a faɗa maka kusan kullum ba shi ne ainihin ba. Za ta ce ya zage ta, zai ce ba ta gaishe da Hajiya, wato mahaifiyarsa. Bar su su zube duka, kada ka katse, kada ka yi wa'azi. Idan sun lafa, sai ka tambaya: yaushe rabon da ku zauna lafiya? Me ya canja daga lokacin? Daga nan ne gaskiya ke leƙowa. Cefanen da bai motsa ba alhali kwanon masara ya ninka. Zaman gidan gandu inda ƙannen miji ke shiga ɗakinta ba sallama. Rabon kwana da ya karkata tun da amarya ta tare. Alkawarin da aka yi kafin aure cewa za ta ƙarasa karatunta a jami'ar ABU ko kwalejin Nuhu Bamalli, yau shekara huɗu ana ce mata sai baɗi. Kuɗin adashinta da ya ranta, ko firijin kayan ɗakinta da ya sayar. Shi kuma nasa: waya a hannu har tsakar dare, kai sirrin ɗaki gidansu, fita ba sanarwa, gorin talauci gaban yara. Akwai kuma maganar shimfiɗa, wadda ba za ta taɓa faɗa wa kawunta ba, shi ma sai ya ga ku biyu ne kuma ka daɗe kana shiru. Wannan gwaggo ce za ta jiyo, kuma in rashin lafiya ne, likita ne maganinsa, ba nasiha ba.

Rufe da tambaya biyu. Ta farko: "Faɗa mini abu uku da in an gyara za ki koma da daɗin rai." Shi ma haka. Uku kawai, don wanda aka ce ya zaɓi uku dole ya ware abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya daga abin da fushi ya tara. Ta biyu: "A cikin abin da na ji, wanne zan faɗa a zama, wanne zai tsaya nan?" Abin da aka ce ya tsaya, ya tsaya, ko matarka ba za ta ji ba.

Sai ka fara kai-komo. Kai alheri, ka bar zagi inda ka ji shi. Idan cikin maganganu goma masu zafi ya ce yaran sun hana shi barci da kewar uwarsu, wannan ɗayar za ka ɗauka. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba da ke cikin Buhari da Muslim ya ce mai gyara tsakanin mutane, wanda ke isar da alheri, ba maƙaryaci ba ne.

Hattara: wannan rangwamen na tausasa zuciya ne, bai kai ga ƙirƙiro alkawari ba. Kada ka ce mata ya yarda zai kama mata haya alhali bai ce ba. Ranar zama asiri zai tonu, kai da sulhun duka ku rushe. Kuma kada ka kira zama sai ka ga aƙalla biyu cikin ukun kowane ɓangare sun sami karɓuwa a ɓoye. Namiji yakan sauko a keɓe kan abin da ba zai taɓa saukowa ba gaban surukansa.

6. Wuri da lokaci

Zauren wani dattijo ko falon liman, inda babu wanda zai ji shi baƙo ne. Tabarma, ruwan sha, ƙofa a rufe, yara a maƙwabta. Hantsin Asabar ko Lahadi ya fi, saboda masu aiki. Bayan La'asar gajere ne, kiran Magariba zai yanke magana a inda ta fi zafi. Ban da Juma'a, ban da yammacin azumi. Duka-duka kada ku wuce mutum bakwai.

7. Zaman kansa

A buɗe da addu'a gajeriya. Shugaban zama ya kafa sharaɗi uku: ba katse magana, ba zagin iyaye, ba ɗaukar murya a waya. A tara wayoyin ma a faranti guda, don na ga sulhun da aka gama lafiya, washegari muryar miji tana yawo a WhatsApp na dangi.

Matar ta fara, domin ita ta bar gida. In kunya ta hana ta, gwaggo ta faɗa a madadinta, a tambaye ta, "Haka ne?" ta amsa da bakinta. Sannan miji. Bayan kowanne ya gama, shugaba ya maimaita abin da ya ji cikin lafazi mai sanyi. In ta ce, "Ya mai da ni baiwar gidansu," shi sai ya ce, "Wato aikin gidan ya yi miki yawa, kuma kina ganin ba a gode miki." Ma'ana ba ta canja ba, amma an zare ƙayar.

Daga nan a ɗauki matsalolin ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi don a ɗanɗana daɗin yarda. Kowace a kai ta ga wa zai yi me, kuma yaushe. Wanda ya yi laifi a faɗa masa a fili, ko ɗan wane ne. Raba laifi biyu daidai don a faranta wa kowa zalunci ne idan ɗaya ya fi cutuwa, kuma wanda aka danne ya san an danne shi.

Idan murya ta tashi, a ɗaga zaman na minti goma, kawu ya ja nasa waje. Idan miji ya fara "wallahi in ta sake," a toshe bakinsa kafin ya ƙarasa. Ban haƙuri shi ne na ƙarshe, ba na farko ba, kuma ya ambaci laifin: "Na yi kuskure da na zage ki gaban ƙannena, ki yafe mini." Ita ma ta ambaci nata. "A yafi juna" na jimla ba ya wanke komai.

Hattara: kada a sa ta durƙusa ta roƙi gafara ita kaɗai shi yana zaune yana kallon rufi. Dattawa da yawa suna ganin hakan ne tarbiyya. Ni a ganina shi ne irin da ake shukawa na yaji na gaba.

8. A rubuta

Takarda ɗaya, da Hausa, boko ko ajami. Kowane sharaɗi ya zama abin da za a iya dubawa. "Zai kyautata mata" ba sharaɗi ba ne. "Zai ba da cefane naira kaza kowace safiya, zai sa ƙyaure da makulli a ɗakinta kafin ƙarshen wata, zai biya bashin adashi kashi uku" shi ne sharaɗi. Ita ma: "Za ta sanar kafin ta fita, ba za ta kai ƙara gida ba sai ta fara gaya wa Gwaggo." A sa kwanan wata na Musulunci da na Bature, su sa hannu, wakilai biyu su sa. A yi hoton takardar, kowane wakili ya riƙe ɗaya. In an yi saki, a rubuta igiya nawa ta rage.

Hattara: kada a rubuta "in ya sake kaza, ta saku." Saki ne aka rataya, ranar da ya karya kuwa ya auku, ko da a lokacin suna zaune lafiya. Haka kuma duk sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal, kamar a ce ta yanke zumunci da iyayenta, ba shi da wurin zama a takardar.

9. Ranar komawa

Ba lallai ranar zama ba. A ba shi kwana biyu ya cika abu ɗaya daga cikin alkawuran, ta gani kafin ta taka. A share ɗakin, a sa turaren wuta, a ajiye cefane. Kayan biko gwargwadon hali: turmin atamfa, sabulu, man shafawa, ɗan abin da za a ba yara. Kada iyayen mace su mai da shi lefe na biyu, kada shi kuma ya ci bashi don a ce ya yi.

Bayan Magariba gwaggo da wata babba su raka ta har cikin ɗaki, su yi addu'a, su gaisa da uwar miji. Kafin nan wani dattijo ya riga ya zauna da Hajiya, da abokiyar zama in akwai, ya roƙe su abu guda: ba gori, ba habaici, ba "ai mun san za ki dawo." In kome ne bayan saki, miji ya furta cewa ya mayar da ita gaban adalai biyu, kamar yadda aya ta 2 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni.

10. Bibiya, da abin yi in ya ƙi

Bayan sati guda gwaggo ta leƙa kamar zumunci. Bayan wata guda wakilan biyu su fito da takarda su bi ta layi-layi. Wanda ya cika a yaba masa gaban ɗayan, wanda ya gaza a ba shi wa'adi. Wannan matakin ne aka fi watsarwa, don kowa ya gaji, alhali a watan farko ne tsohon hali ke gwada dawowa.

Wani lokaci kuma za ka yi duk wannan ta ce ba ta komawa, ko shi ya ce ya gama. Kada ka tilasta. In ita ce ba ta so kuma bai cuce ta ba, hul'i ne, ta fanshi kanta, yawanci da mayar da sadaki, kuma bayansa babu kome sai da sabon aure. In cutarwa ce ta kore ta, kada a matsa mata ta biya, a kai gaban alƙali da shaidu da takardar asibiti. In saki ne na kome, ciyarwa da wurin zama na idda suna kansa. Riƙon yara a Malikiyya na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan mijinta, in uwar ta yi wani aure yawanci ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, ci da sha da makaranta da magani kuwa suna kan uba. A yanka adadin na wata, da ranar biya, da hannun wanda za a riƙa ba, a rubuta.

Ranar kwashe kaya, mata biyu daga kowane gida su tsaya da takarda, a kira gado, katifa, kujeru, tukwane, ana yi ana sa alama, mijin kuma ya bar gidan sai an gama loda mota.